Gonar Mai Faɗin Rana

Rediyon da ke rataye a reshen dogon yaron tsakar gidanmu ba nawa ba ne, na matar ɗana ne, amma ni na fi kowa saurarensa, tunda ni ce ƙafa ta zaunar. Wata la'asar a farkon kaka, ina ɓare wake a faifai, mai labarai ya ce wani babban limamin Kiristoci na ɗarikar Katolika ya yi wa masu riƙe da mulki nasiha. Da farko ban ba shi kunne ba. Nasiha ga masu mulki ta fi rairayi yawa a ƙasar nan, kuma ban taɓa ganin wadda ta tsiro ba. Sai da aka fara fassara maganar da Hausa sannan na aje faifan. Abin da na riƙe shi ne, mulki amana ne ba kasuwa ba. Wanda ya yanke wa jama'a hukunci alhali ya san shi ba zai ɗanɗana ɗacinsa ba, to ya ci amana ko da doka tana bayansa. Wanda kuma ke zaune a wurin ya yi shiru don kada kujerarsa ta girgiza, da shi aka yi. Ni Musulma ce 'yar Musulmi, ban taɓa leƙa majami'arsu ba, ban san fuskar mutumin ba, ko sunansa ban riƙe ba. Amma sai da na waiga bayana, don ji na yi kamar Baba ne ya yi gyaran murya.

Baba, mahaifina, shi ne mai garin ƙauyenmu a lokacin da nake budurwa. Ƙauyen yana arewa da Dakoro, daidai inda gonaki ke ƙarewa dajin kiwo ya fara, har akan ce mu ne bakin zane. Abin da ya fara tashe ni a duniya ba zakara ba ne, kukan icen rijiya ne. Rijiyarmu tana da zurfin da sai sa ke jan wasaki, wato babban gugan fata, igiya na bi ta kan wani ƙaramin ice mai juyawa, yana ta ƙugi kamar tsohuwa mai ciwon baya. Ni ce ke jan san gidanmu. In tafi da shi can nesa har igiya ta miƙe, in ji an buga mini ihu daga bakin rijiya, in juyo, a zuba ruwa a kwami, in sake komawa. Tafin ƙafata har yau yana tuna zafin wannan hanya. Daga rijiya sai turmi, daga turmi sai itace, kuma ba wanda ya taɓa ce mana wannan wahala ce, don haka ba mu sani ba. Da hantsi sautin tabarya ke cika gari gida-gida, har kana iya gane dakan kowace mata ba tare da ka gan ta ba. Yanzu injin niƙa guda ɗaya ya haɗiye duk waɗannan muryoyi, kuma shi ba ya gaida kowa.

Babban al'amari a shekararmu ba salla ba ne, sakin gona ne. Da damina makiyaya kan hau arewa da dabbobinsu, su bar mana ƙasa mu yi noma. Idan tabkunan can suka ƙafe sai su gangaro, su tsaya a bakin gonaki suna jiran ranar da za a ce an gama girbi, kowa ya shigo ya ci kara. Su samu abinci, mu samu taki. Mai gari ne ke faɗin wannan rana, kuma ita ce rana mafi nauyi a bakinsa. In ya gaggauta, shanu su tattake hatsin wanda bai gama ɗauka ba. In ya jinkirta, dabbobi su fara zubewa a kan idon masu su, kuma mutumin da ke kallon saniyarsa tana mutuwa ga kara a gabansa, ba ka san abin da zai yi da sandarsa ba. Shi ya sa kakanninmu suka ɗaura wa abin wata igiya. A garinmu, wanda ya faɗi rana, gonarsa ake fara shiga. Kuma gayyar girbi ba ta zuwa gonar mai gari sai ta gama da ta gwauraye da marayu da marasa ƙarfi. Ba a rubuce yake ko'ina ba. Haka muka tashi muka gani, kamar yadda muka tashi muka ga rana na fitowa ta gabas.

Akwai wata shekara da ruwa ya yi mana wasa da hankali. Ya sauka da wuri, aka yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone, aka sake. A babbar gonarmu Baba ya shuka maiwa, wadda ba ta nuna sai gero ya daɗe da shiga rumbu. A arewa kuwa ruwan bai yi ko rabin namu ba, don haka makiyaya suka gangaro tun ba a zata ba. Shugabansu wani dogon tsoho ne da muke kira Arɗo Juli, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta fashe. Na gan shi da idona ya zo zauren Baba, ya aje sandarsa a waje, ya zauna a kan rairayi ya ƙi hawa tabarma. Bai roƙi komai ba. Ya ce kawai maruƙa sun fara kwanciya ba sa tashi. Da iska ta juyo daga arewa muna jin kukan shanunsu har cikin gida, ba irin kukan da muka saba ji ba, wani siririn kuka mai ja. Baba ya zagaya gonakin gari a kan jakinsa, ya ga geron mutane saura kaɗan a gama ɗauka. Ya zo ta gonarsa ya tsaya, maiwa ta yi kai shar da ita, amma ƙwayar ruwa ce, ko tsuntsu bai fara kula ta ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya faɗi rana, kuma kowa ya san maiwarsa ba za ta kai ba.

Inna ba ta yi shiru ba, don Inna ba a san ta da shiru ba. Ta ce masa ya ƙara ko 'yan kwanaki, wa zai ce masa don me, ba shi ne mai gari ba? Ta ce ya dubi bakunan da ke gidan. Ni ma ina bayanta ina gyaɗa kai, domin ni na yi noman wannan maiwa har hannuna ya yi kanta. Baba ya bar ta ta gama, sannan ya ce, “Kwanakin da kike so in ƙara, ba nawa ba ne, na shanun mutane ne. In na hwaɗi rana ta yi wa kowa ɗaci ban da ni, to ba rana na hwaɗa ba, ƙarya na yi.” Da safiyar ranar, shi da kansa ya janye ƙayar da ke bakin gonar. Arɗo Juli ya tsaya ya ƙi kora shanu ciki, sai da Baba ya kama igiyar wata saniya ya ja ta da hannunsa. Ina tsaye ina kallo. Ƙarar da kan maiwa ɗanye ke yi a bakin saniya, ban taɓa mantawa da ita ba. Na yi kuka har na shiɗe, kuma ba kukan tausayi ba ne, na haushi ne.

Wannan shekara mun ci anza. Wanda bai sani ba, 'ya'yan wani ɗan itacen daji ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa an zubar da ruwa, an sake jiƙawa an zubar, kwana da kwanaki, kafin su ciwu, kuma ko sun ciwu ba sa mantawa da asalinsu. Gidan mai gari guda, ana jiƙa anza a bayan ɗaki. Inna takan tura masa ƙwaryar ta ce, ga tuwon girma nan, a ci lafiya. Shi kuwa ya cinye tas, ya sha ruwa, ya ce babba juji ne. Mutanen gari sun kawo abin da suka iya, dami nan dami can, amma shekarar ba ta bar wa kowa rara ba. Ba zan ce muku Allah ya saka masa da rumbu goma a shekara ta gaba ba, don ba haka aka yi ba. Mun sha wuya, ƙanena ƙarami ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kuma Baba ya mutu ba shi da komai sai gona da jaki da rawani. Abin da kawai zan ce, a zamaninsa ba a taɓa zare wa wani takobi a kan kara ba. In ya ce rana kaza, manomi ya yi sauri, makiyayi ya yi haƙuri, don duk sun san wanda zai fara kwana da yunwa in ranar ta ɓaci.

Tun daga wannan shekara gidan Arɗo Juli ba su sake sauka a gonar kowa ba sai tamu. Ya rasu, ɗansa ya ci gaba. Ɗan ya rasu, jikansa Bello ya ci gaba. Da aka raba gado, wani yanki na gonar maiwar nan ya faɗo hannuna, kuma duk kaka Bello kan zo ya kafa bukka a cikinta, matarsa ta kawo mini nono a ƙwarya, ni in ba ta gero da kuka. Yana kirana Inna. Ban haife shi ba, amma na goya shi yana jariri ranar da uwarsa ke zazzaɓi, kuma na san tabon da ke bayan kunnensa.

Yau ba mai gari ke faɗin rana ba. A meri ake faɗinta, wato gidan ƙaramar hukuma, cikin biro, ofis mai fanka, kwamiti ya zauna, a kawo lemo. Ba na cewa duk mutanen banza ne. Amma ka dubi waɗanda maganarsu ke da nauyi a wurin: wani ba shi da gona, wani ba shi da akuya, waɗanda ke da su kuwa suna da su ne a bayan waya. Manyan jam'iyya sun kewaye dajin arewa da shingen waya, da tabkuna a ciki, don shanunsu su kaɗai, saboda haka makiyayi talaka dole ya gangaro da wuri. A kudu kuma su ɗin ne dai ke da manyan gonakin wake na sayarwa, wanda ba ya gama bushewa sai can baya, saboda haka su ne ke son a jinkirta rana. Sun rufe wa makiyayi baya, sun rufe masa gaba. Burtalin da dā garke biyu ke gilmawa a cikinsa ba su gogi juna ba, an ci shi daga dama an ci shi daga hagu, har ya koma kamar tsagar kitso. Na ga masu babbar riga sun hau, na ga masu kaki sun hau, na ga an sake juyawa, amma ban ga wanda ya cire ko sanda ɗaya daga shingen nan ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

A cikin wannan kwamiti akwai jikana Lawali, ɗan babban ɗana. Ya yi lakol, wato boko, mun zaɓe shi konseye, kansila ke nan, ni ma na dangwala masa, har na yi guɗa ranar da aka ce ya ci. Yaro ne mai fara'a, ba ya wuce ni bai tsaya ba, kuma tun yana ƙarami nake ce masa maigidana, shi yana ce mini amarya, kamar yadda kaka da jika ke yi.

Kwanaki kaɗan bayan na ji maganar limamin nan, Bello ya zo gaishe ni. Ya aje sandarsa a ƙofar gida, ya zauna a ƙasa ya ƙi hawa tabarma, sai gabana ya faɗi, don na taɓa ganin wannan zama. Ya ce tabkin da suke sha a dā yanzu yana cikin waya. Ya ce suna tsaye a bakin gonaki, ciyawar wurin ta ƙare har ƙasa, shanu sun fara cin leda. Geron gari kuwa duk an ɗauke, ba abin da ya rage a tsaye sai waken manya. Na ce ya je ya ƙara haƙuri, ina da mutum a meri. Har da alfahari na faɗa, Allah ya sani.

Na aika aka kira mini Lawali. Ya zo a bayan wata babbar mota kat-kat da ba tasa ba, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce amarya me aka dafa wa maigida. Na ce yau ba wasa na kira shi ba. Na ba shi labarin maiwa daga farko har ƙarshe, ko da yake ya sha jinsa. Na gaya masa abin da limamin Kiristocin ya ce, musamman maganar wanda ke zaune ya yi shiru. Sai fuskarsa ta washe, ya ce ai ya ji jawabin, har yana da shi a cikin salularsa, magana ce mai kyau ƙwarai, kuma da 'yan waccan jam'iyya ake, su ne suka lalata ƙasa. Na ce ni ban ji an ambaci jam'iyya ba, kujera na ji an ambata, kuma shi ma a kan ɗaya yake zaune. Na ce ya tashi a taron ya nemi a saki gonaki yanzu, ya ce a fara da tasa, tunda shi ma yana da ɗan wake a tsaye. Ya yi dariya, sannan ya ga ban yi ba, ya daina.

“Kaka, zamanin ga ba na Baba ba ne,” in ji shi. “Shi in ya yi magana, gari na bayanshi. Ni in na buɗe baki bisa waken mutanen nan, gobe ba ni cikin kwamiti, wanda za a sa kuma ya hi ni mugunta. Ki bari in zamna, wata rana in yi amfani.”

Na ce, “Wace rana? Kai ma ranar taka sai wakensu ya bushe?”

Ya aje mini ƙullin goro, ya ce amarya ta cika rigima, ya tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba ƙarya ya yi ba. Na juya maganarsa ta kowace fuska ina neman inda zan kama shi, na ga dai haka abin yake. Baba yana da gari a bayansa. Lawali ba shi da kowa a bayansa sai waɗanda suka ba shi aron mota.

An yi taron. Wani da ya halarta ya gaya mini cewa Lawali ne ma ya buɗe shi, kuma da maganar limamin ya buɗe, cewa mulki amana ne, aka tafa masa. Wani daga ɗaya ɓangaren ya tashi ya ce lalle kuwa, gara masu mulki su ji, shi ma aka tafa masa. Kowa ya ɗauki maganar ya jefi maƙwabcinsa da ita, ba wanda ta faɗa a cinyarsa. Daga nan aka ɗaga rana zuwa can gaba, sai wake ya gama shiga buhu. Na tausaya wa bawan Allahn nan da ban sani ba. Ya yi magana don ta yi ciwo, aka mai da ita kwalliyar taro.

Ni kuwa jinin Baba bai bar ni na zauna ba. Gonata tawa ce, gerona yana rumbu, ɗan waken da ya rage a cikinta ban damu da shi ba. Na sa aka ɗora ni a amalanke aka kai ni, na janye ƙayar bakin gona da hannuna, na aika wa Bello ya kawo shanu. Ya aiko cewa rana ba ta yi ba. Na aika masa cewa 'yar mai gari ce ta faɗi rana, kuma gonarta aka fara shiga, ya zo ko in yi fushi. Ya zo don ba ya iya ƙin maganata. Sai dai kafin a kai gonata dole a bi ta burtali, burtalin kuma ya zama abin da ya zama, da waken wani babban mutum dama da hagu. Saniyar da ta yi wata tana lasar ƙasa, ba sanda da za ta hana ta miƙa wuya. Ba su ci abin da ya kai a faɗa ba, amma mai gadin waken yana da salula. Kafin azahar jandarma sun iso. Na ce musu ni na kira shi, gonata ce, ni za su kama. Wani daga cikinsu, yaro mai ladabi, ya ce Hajiya ki koma gida rana ta yi zafi, doka ba ta san gayyata ba. Aka kora shanun zuwa garken hukuma da suke kira furyar. Na sa aka buga wa Lawali, aka ce yana taro.

Sai da Bello ya sayar da mafi kyawun shanunsa kafin ya karɓo sauran, wasu kuma ba su fito da ƙafarsu ba. Da zai tafi ya biyo ta gida. Ban iya kallon idonsa ba, shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce, “Inna, ba laihinki ba ne. Ke kin yi irin ta dā, ƙasar ce ba ta dā ba.” Ya ce za su gwada can gabas, wajen da aka ce waya ba ta kai ba tukuna. Matarsa ta aje mini ƙwaryar da take kawo nono a ciki, ba komai a cikinta, ta ce in riƙe.

Kaka ta sake zagayowa, an sake zama a meri, an sake faɗin rana bayan wake ya shiga buhu. Lawali yana nan a kan kujerarsa, yana jiran ranar da zai yi amfani, kuma har yanzu yana tsayawa ya gaishe ni, sai dai na daina ce masa maigidana, shi ma bai tambayi dalili ba. Rediyo yana nan a reshe, wasu malaman sun yi nasiha, wasu limaman sun yi, an fassara, an yaba. Na sa an kai ni gona bayan girbi, na janye ƙaya, na bar bakin a buɗe kamar yadda Baba ya yi. Har zafin bazara ya shigo karan yana tsaye, gara ce kawai ke cinsa daga ƙasa.